Kabewar Inna a Rufin Malam

A cocinmu na bayan kamfanonin Sharada, shekara ba ta ƙarewa sai an yi godiyar kaka. A watan Nuwamba ake yin ta, kafin idin Kristi Sarki, tun Fada, limamin cocin, yana sanye da koriyar rigarsa bai sauya zuwa shunayya ta jiran Kirsimeti ba. Sunanta godiyar kaka, amma da wuya ka sami wanda ya mallaki ko taƙi ɗaya na gona a cikinmu. Mu ma'aikatan kamfani ne, da direbobi, da masu gadi, da 'yan tireda. Don haka kowa abin da hannunsa ke taɓawa a wurin aiki shi yake saya ya kawo. Mu na kamfanin roba mu zo da bokitai da butoci, na Bompai su zo da katan-katan na alewa da sabulu, wasu su zo da tabarmin roba da silifa. In an gama jerawa a gaban bagade sai ka rantse wani ɗan kasuwa ne ya kwaso shagonsa ya kawo ajiya. Bayan Mas, wato babbar sujada, a ware kayan. Wasu a yi gwanjonsu don aikin coci, kayan abinci da na amfanin gida kuma a raba wa gwauraye da marasa lafiya da duk wanda aka san yana cikin matsi a unguwa, ba a tambayar inda yake ibada.

Ni dai ina son ranar nan tun ina amarya. Ina son yadda ake kiran jama'a ƙungiya-ƙungiya, matan zumunta su kama kiɗan tulu da kacau-kacau, mutum ya taso tun daga ƙarshen coci yana rawa da bokiti a ka ba ko kunya. Har dattawan da ba a san su da fara'a ba sai ka ga kafaɗarsu tana motsi.

Shekarar da babanmu ya rasu na je ƙauye na taho da Inna. Mu Hausawan kudancin Kano ne, iyayenmu sun shiga Katolika tun suna da ƙuruciya. Ƙannena maza duk sun watse neman abinci, ga gwiwar Inna ta dama ta fara ƙin ta, rijiya kuma da nisa. Ban ga yadda zan yi barci a Sharada ita tana can ita kaɗai ba. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni a bakinta, in ranta ya yi daɗi kuma in zama "'yar nan".

Inna ba ta iya zama ba. Gidan haya ne, ɗaki biyu da tsakar gida mai siminti, ba kaza tata ba akuya. In na fita aikin safe sai ta share inda aka riga aka share, ta wanke kwanukan da na wanke, ta tsince shinkafar da babu tsakuwa a cikinta. In na dawo in same ta a bakin ƙofa tana kallon tirelolin da ke wucewa, da fuskar wanda yake jiran mota a tasha. Na kwashe kayana daga durowa guda na ce ta zuba nata. Ta ce to. Amma ƙullin kayanta, wanda ta ɗaure da wani tsohon zane, yana nan a lungun ɗaki. Ta kwance ta ɗauki abin da za ta sa, ta mayar ta ɗaure.

Da godiyar kaka ta zo, na saya mata baho babba mai ruwan ganye a kamfaninmu. Ni na zaɓe shi, ni na kankare bakinsa da hannuna. Na kawo na ajiye a gabanta ina jin kaina.

"Wannan fa?" in ji ta.

"Na godiya ne, Inna. Shi za ki ɗauka gobe."

Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa. "A wace gona ya fito?"

"Inna, nan birni ne. Kowa haka yake yi."

"Ke kika yi guminsa, ke za ki kai. Ni in na tsaya gaban Ubangiji da shi, na ce na gode da me?"

Na ɗauka magana ce kawai ta tsofaffi. Washegari da aka kira iyaye mata, kowa ya miƙe, Inna ta zauna. Ta haɗa hannuwanta a cinya tana bin masu rawa da ido. Matar nan na san ta a ƙauye, ita ke jan gaba ranar godiya da damin dawa a ka, babanmu na bin ta da zakara a hammata. Ran nan ko tafi ba ta yi ba. A cikin a-daidaita-sahu muna komawa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Bayan Kirsimeti ki sa ni a mota."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, ni kuwa in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ce wa zai ɗebo mata ruwa, wa zai kai ta asibiti in gwiwar ta tashi. Ta ce ta gwammace ta ɗebo ruwan da rarrafe da ta zauna tana cin abin da ba ta san yadda aka yi shi ba. Maigidana ne ya shiga tsakani. Shi a kamfanin fata yake aiki a Challawa, kuma Allah ya ba shi sanyin da ya hana ni. Ya durƙusa a gabanta ya roƙe ta ta ba mu damina ɗaya. In godiyar baɗi ta zo ba ta da abin kaiwa, shi da kansa zai raka ta har ƙofar gida. Da yake tana jin nauyinsa, sai ta ce ta ji.

To a ina za a yi noma a gidan siminti? Inna ta samo wuri. A gindin katanga, kusa da inda muke wanke-wanke, simintin ya tsage. Ta sa tsohuwar wuƙa ta yi ta ɓanɓara har ya kai faɗin faifai. Ta bi lungu ta tsinto kashin awaki a leda, ni ina ta mita wai za ta ja mana ƙuda. Ashe tun daga ƙauye ta taho da irin kabewa a ƙulle a bakin zanenta. Da ruwa ya zauna ta shuka. Kajin masu haya suka tone, ta sake shukawa ta kife da tsohon kwando. Guda ɗaya ta tsira.

Ban taɓa ganin an yi renon shuka kamar yadda Inna ta reni kabewar nan ba. Ruwan wankin shinkafa nata ne, tokar murhu tata ce. Maigidana ya ɗaura mata igiya, ta kama ta hau katanga, ganye fala-fala, fure ruwan ɗorawa ko'ina. Sai dai tsakar gidanmu ba ta samun rana sosai. 'Ya'yan su ƙullu, su kai girman ƙwai, su yi rawaya su faɗo. Inna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kabewa kuwa da ta ga ba rana a wajenmu sai ta yi gaba. Ta tsallake katanga ta bi rufin maƙwabcinmu.

Maƙwabcin namu wani dattijo ne da kowa ke kira Malam. Haifaffen Sharada ne, tun ba a aza tubalin kamfani ko ɗaya ba. Itace da gawayi yake sayarwa a ƙofar gidansa. In hira ta yi daɗi yakan nuna katangar kamfaninmu da sandarsa ya ce nan gyaɗa suke sawa, can inda tirela ke juyawa kuma rogo ne. Tsakaninmu da shi gaisuwa ce da mutunci. Da salla su aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika musu da shinkafa da kaza wadda muka ba shi ya yanka mana.

Wata rana da la'asar na dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ban cire ba, sai na ji sallamarsa. Ya ce, "Ina mai kabewar nan?"

Na ce shi ke nan, ƙara ta zo. Har na shirya amsa a bakina, don na ɗauka zai ce ganye ya toshe masa indararo. Inna ta fito tana ɗingishi, ta rusuna ta gaishe shi.

"Iya, kabewarku ta haihu a rufina," in ji shi. "Na ga kwano yana zafi, kar ya dafa ta, sai na hau na sa mata gammo."

Inna ta dafa bango. "Ta kai yaya, Malam?"

Ya dunƙule hannu ya nuna mata. "Kamar haka. Amma ta kama. Wannan ba mai faɗuwa ba ce."

Daga ranar Inna ta sami wurin zuwa. Kullum da hantsi sai ta ja ƙafa zuwa ƙofar gida. "Malam, kun tashi lafiya? Ya baƙuwarku?" Shi kuma ya ba ta labari kamar mai dawowa daga duba mara lafiya. Jiya ya juya ta don kar gefe guda ya shafe. Yau ya rufa mata buhu saboda rana. Ya kori wani ƙadangare da bai yarda da take-takensa ba. Dattijo mai furfura, sai ya tattare riga ya kafa tsani ya hau, matarsa Hajiya tana daga cikin gida tana faɗa, wai in ya faɗo ya karye kar ya ce ba ta gaya masa ba. In ya sauko su zauna, shi a kan buzunsa, ita a kan dakali can gefe, su yi ta zancen noma. Wace dawa ta fi jure fari, farfara ko kaura. Yadda ake gane ruwan shuka. Yadda ƙuduji ke kashe gona. Ni da aka haifa a gona na tsaya ina jin su kamar baƙuwa.

Inna ba ta taɓa ganin kabewar da idonta ba, gwiwa ba ta barin ta hawa tsani. Maigidana ya hau ya ɗauko mata hoto a waya. Ta duba ta mayar masa, ta ce hoto ba ya faɗin nauyi.

Ni kam hankalina ya kwanta. Na ce magana ta ƙare, Inna ta sami abin kaiwa. Har waƙa nake yi a bakin inji.

Ruwa ya ɗauke, ganye ya bushe, Fada ya sanar da ranar godiya. Malam ya ce lokaci ya yi. Shi da maigidana suka hau, suka yanke ta da ɗan guntun hannunta, suka zuro ta da igiya a cikin bahon nan mai ruwan ganye da Inna ta ƙi bara. Kabewa ce ta gaske, sai da hannu biyu, fatarta ta yi tauri ta yi toka-toka. Aka ajiye ta a tsakar gidanmu. Inna ta durƙusa da ƙyar, ta shafa ta tun daga sama har ƙasa, ta ƙwanƙwasa ta kara kunne. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sai ta miƙe ta ce, "Madalla. Malam, Allah ya amfana muku." Ta juya ga maigidana ta ce ya taimaka ya kai musu cikin gida.

Na ce, "A kai wa wa?"

"Masu ita."

Ashe akwai wata al'ada ta garinmu da na manta, ko kuma ban taɓa kula da ita ba. A can, in kabewa ko duma ya tsallake danga ya yi ɗa a gidan maƙwabci, ɗan na maƙwabcin ne. Ba a bin sa, ba a ko tambaya. Haka aka hana rigima tun kakanni. Inna ta san da haka tun ranar da Malam ya yi sallama. Duk zaryar nan da take yi, a ganinta Malam take taya renon kabewarsa, tana fatan wata za ta kama ta wajenmu. Ba wadda ta kama.

Malam ya gyara tsayuwa. "Iya, mu a Sharada ba haka muke yi ba. Wanda ya shuka shi ke da ita, ko Challawa ta je ta haihu. Ban sa iri ba, ban ba ta ruwa ba. In na ci, na ci haƙƙin wani."

"Ni ma in na kai wa Ubangiji, na kai masa kayan wani."

"To na ji, tawa ce. Na ba ku kyauta."

"Allah ya saka da alheri. Amma in kyauta ce, ai ta zama ɗaya da bahon 'yar nan."

Na sha ganin maƙwabta suna rigima a kan abu, kowa yana cewa nasa ne. Ban taɓa ganin inda kowa ya kafe a kan na ɗan'uwansa ne ba sai ran nan. Inna ta sa maigidana ya kai kabewa gidan Malam. Kafin magariba Malam ya sa an dawo da ita. Da safe ta sake komawa. Maigidana ya yi ta jigila har ya fara riƙe ƙugu, ya ce shi dai a tausaya masa, fatun da yake ɗauka a kamfani ma sun ishe shi. A ƙarshe kabewa ta zauna a kan dakalin da ke tsakanin ƙofofin biyu, ba ta nan ba ta can. Da dare wanda ya riga rufe ƙofa a cikinsu sai ɗayan ya shigar da ita zaurensa, wai ajiya, don kar awaki su taɓa kayan mutane.

Magana ta bazu a layi. A teburin mai shayi, inda ma'aikata ke tsayawa in an tashi daga aiki, aka rabu gida biyu. Mutanen Jigawa suka ce Malam ne da gaskiya. Wani ɗan Nijar mai gadin kamfanin taliya ya ce a garinsu yadda Inna ta faɗa haka ake yi. Wani ya ce a kai wa mai unguwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa ta ya yaba, har masu a-daidaita-sahu suka fara kwatance da ita, a ce a sauke ni wajen kabewa.

Na je na kai ƙara wurin katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, mutum mai haƙuri da iya lallashi. Ya zo har gida, ya sha ruwa, ya yi wa Inna bayani mai daɗi cewa Ubangiji ba girman baiko yake dubawa ba, zuciya yake dubawa. Inna ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Shi ya sa, ɗana. Zuciyar ce ta san ba tawa ba ce." Katikis ya ɗauki hularsa ya ce zai sa mu a addu'a.

Nan fa na fashe. Na ce tsofaffi biyu da furfurarsu sun mai da mu abin dariya a unguwa a kan kabewa. Na ce gobe zan hau mota in je kasuwar 'Yankaba in sayo mata guda uku, ta zaɓi wadda ta ga dama. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Da na dawo aiki washegari na tarar ta wanke kayanta kaf, ta ninke, ta ɗaure ƙullin nan tamau, har da takalminta na zuwa coci a sama. Alkawari ne, kuma maigidana ba mai saɓa alkawari ba ne. Da na koma wurin aiki sai da na yi kuka. Amfanin ƙarar inji ke nan, ba mai jin ka.

Ranar Asabar, ana gobe godiya, da yamma, Inna da Malam suna zaune a wurarensu na kullum, kabewa a tsakiya, kowa ya kau da kai. Sai ga Hajiya ta fito da mayafinta, da wuƙa a hannu, da tire. Hajiya ba mai fitowa ƙofar gida ba ce, don haka har mai shayi sai da ya leƙo.

"Ku biyun nan kun ishe mu," in ji ta. "Iya ta kawo iri, ta kawo ruwa da taki. Malam ya kawo fili, ya kawo hawa tsani da ya hana ni kwanciyar hankali duk daminar nan. Wannan ai noman tarayya ne. A ina aka taɓa noman tarayya mutum ɗaya ya kwashe amfanin?"

Na ga kowannensu yana juya maganar yana neman inda za ta ɓulle. Inna ce ta fara samowa.

"Hajiya, rufin kwano fili ne?"

Malam bai ɗago ba. Yana wasa da carbinsa ya ce a hankali, "Shi kaɗai ya rage mini, Iya."

Inna ta dube shi. Ta dubi doguwar katangar kamfanin da ke ƙarshen layi, inda yake cewa gyaɗa suke sawa. Ni sai a lokacin na gane abin da ke kai dattijon nan kan tsani kullum. Ta ce, "To a raba."

Malam ya ce ba za a yi da ka ba. Ya sa aka kawo zare, ya zagaya cikinta ya auna, ya sake aunawa, ya ja layi da gawayi. Ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Da ta buɗe, cikinta ja wur kamar manja, ƙamshinta ya cika wurin. Sai kuma aka so a sake sabuwa, don kowa yana cewa rabin ɗayan ya fi ƙanƙanta a ƙara masa. Hajiya ta ɗauki guda ta dangwara wa Inna a cinya, ta ɗauki ɗayan ta shige gida.

Da muka shiga ciki na ce, "Inna, yanzu rabin kabewa za ki ɗauka zuwa coci? Gaban mutane?"

"Rabin nan na wa ne?"

"Naki ne."

"To."

Da safe ta riga kowa shiri. Ta kwance ƙullin ta ciro zanenta na zumunta da takalmin, ta mayar ta ɗaure. Duk a kan idona. Ta kwashe 'ya'yan cikin rabin nata ta ajiye a kwano, ta ɗora rabin a faifai, ta rufe da farin ƙyalle.

Coci ya cika har waje. Aka kira matasa suka wuce da katan-katan, aka kira maza suka wuce da buhunan shinkafa da wata akuya da ta ƙi tafiya sai da aka ɗauke ta. Da aka kira iyaye mata, Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe. Na ce in riƙe mata, ta ture hannuna. Ta yaye ƙyallen, ta aza faifai a ka, jan cikin kabewar yana kallon sama. Ta shiga layi. Gwiwar ba ta barin ta sauri, don haka rawar tata ta zama taku ɗaya, tsayawa, juya kafaɗa, sannan wani takun. Masu bin ta a baya dole suka rage sauri suka ɗauki irin takunta. Labari ya riga ya iso coci, sai dariya ta tashi, irin dariyar da ake yi wa wanda ake so. Wata 'yar zumunta ta rangaɗa guɗa, masu tulu suka ƙara wuta. Ni ina baya da bokitina a ka, ina dariya ina share ido.

Fada namu a lokacin saurayi ne daga kudu, ya koyi Hausa a nan, yana kuma son gwada ta. Da Inna ta iso ya sunkuya ya karɓi faifan da hannu biyu ya ce, "Mama, ina ɗaya rabin?"

"Yana wurin mai gonar, Fada."

Ya yayyafa masa ruwan albarka, ya ajiye shi a gaba, kan wani katan na sabulu. A duk tulin kayan nan, shi kaɗai ne abin da wani daga cikinmu ya shuka da hannunsa.

Bayan Mas masu rabon kaya suka tsaya a kansa suna shawara. Ba ya shiga gwanjo, ba ya kuma jiran ranar rabo, tunda an riga an yanka. Shugabar matan zumunta ta ce a miƙo shi nan. Dama suna da tukunya a wuta a bayan coci, ta abincin da ake kai wa marasa lafiya a asibiti duk ranar godiya. Aka fere shi aka zuba a miya. Kafin a fara kiran farashin bokiti na farko, kabewar Inna ta riga ta kama hanyar asibiti a cikin kuloli. Da muka dawo gida kuma muka tarar Hajiya ta yi miyar taushe da nasu rabin. Malam ya sa an kai wa samarin da ke haya a ɗakunan bayan layi, waɗanda ba su da mai dafa musu, ya ce sadaka ce. Mu ma aka aiko mana da kwano guda. Inna ta ɗanɗana ta ce gishirin ya ɗan yi yawa, ta kuma cinye tas.

Duk da haka ban san matsayina ba. Alkawarin cewa aka yi in ba ta da abin kaiwa za ta tafi. Ba wanda ya ce in ta samu za ta zauna. Ƙullin yana nan a lungu a ɗaure. Na kasa tambaya, ni da ba a san ni da rasa baki ba. Aka yi idin Kristi Sarki, muka zaga da waƙa a harabar coci cikin rana, muka dawo. Fada ya sa shunayyar riga, aka kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti. Kullum in na taso daga aiki, lungun nan nake fara dubawa.

Wata ranar a cikin makon nan na dawo da la'asar na sami Inna da Malam a ƙofar gida. Faifai biyu a kan dakali, 'ya'yan kabewa sun bushe fes a kai, nata da nasa. Malam yana tsince waɗanda ba su da ciki yana zubarwa. Na rusuna na gaishe shi, zan wuce, sai na ji Inna tana cewa, "Malam, gonar nan taku, baɗi ma za a ba mu aro?"

"Sai dai a ƙara gindi ɗaya ta wajen ɗakin girki," in ji shi. "Can ta fi samun rana."

Na shige ɗaki da sauri. Lungun ba komai. Na ja durowar, ga kayanta a jere, takalmin coci a ƙasa. Tsohon zanen da take ɗaure su da shi yana kan igiya a tsakar gida, ta wanke shi ta shanya. Na tsaya riƙe da hannun durowa, na ma manta da jakar da ke kafaɗata.

Daga ƙofar gida ta ɗaga murya. "'Yar nan, in kin gama tsayuwar, nemo mana gwangwani mai murfi. Kar ɓera ya cinye mana iri."